Ranar Awon Fuloti, A Sa Ido Kan Eriya Da Batirin Safiyo

Duk ɗan Arewa da ya daɗe yana zaman kurmi, ko a Agege ya ke, ko Idi-Araba, ko Mil 12, ko Sabon Badun, ya san cewa bayan neman abinci babu abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya kamar kuɗin haya. Shi ya sa da zarar mutum ya ɗan sami sukuni sai hankalinsa ya koma kan sayen fuloti a bayan gari, wajen Ikorodu, ko Sango-Ota, ko Mowe da Ibafo da ke kan babbar hanyar Ikko zuwa Badun. A tara kuɗi shekara da shekaru, a biya masu ƙasa, a sallami dillali, sa'an nan a kira safiyo ya zo ya yi awo ya kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu. A ran nan yawancin masu saye su kan nemi inuwa ne su zauna, su bar ma'aikata da na'urorinsu, tun da a ganinsu aikin na waɗanda suka yi karatunsa ne.

Gaskiya ne aikin na masu karatunsa ne. Amma fa lambobin da za a fitar a wannan yini su ne za a rubuta a takardar safiyo, su za a duba a ofishin Safiyo Janar na jiha a ga ko filin ya faɗa cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe, da su za a nemi takardar shaidar mallaka wadda Dokar Filaye ta 1978 ta sa a hannun gwamna, su ne kuma alƙali zai nema in rigima ta taso da maƙwabci bayan shekara goma. Ingancin lambobin nan kuwa ya rataya sosai a kan abubuwa biyu waɗanda ko mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai iya lura da su, watau eriyar na'urar awo da kuma batirin da ke ba ta wuta.

DAGA SARƘA ZUWA TAURARI

A da can safiyo da sarƙar ƙarfe ya ke awo, da madubin hange a kan mazauni mai ƙafa uku, yara na gaba suna sare ciyawa da adda don a hango juna. Yanzu mafi yawan aikin ya koma hannun taurarin ɗan Adam. Amurka ce ta fara harba tauraron tsarin da ake kira GPS a 1978, aka cika su 24 aka ce aiki ya kammala a 1995. Suna shawagi ne kimanin kilomita 20,200 sama da ƙasa, kowanne ya kan zagaya duniya sau biyu a kwana guda. Daga baya Rasha ta farfaɗo da nata mai suna GLONASS, Tarayyar Turai ta buɗe Galileo a 2016, Sin kuma ta kammala BeiDou a 2020. Na'urar safiyo ta yau tana sauraren dukkansu a lokaci guda.

Abin da kowane tauraro ke yi shi ne ya riƙa faɗin inda ya ke da kuma ƙarfe nawa ne a agogonsa. Na'urar da ke ƙasa sai ta lissafa tsawon lokacin da saƙon ya yi a hanya, daga nan ta san nisan da ke tsakani. In ta sami taurari huɗu ko fiye ta san inda ta ke tsaye. Sai dai saƙon yana gudu ne da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan guda, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya kan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Kafin watan Mayu na 2000 ma da gangan sojan Amurka su kan gurɓata saƙon, har kuskuren ya kai mita 100, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni aka daina.

Wayar hannu ita ma tana jin taurarin nan, amma ko a fili fetal ta kan kauce da mita uku zuwa biyar. Fulotin da aka saba sayarwa a Ikko ƙafa 60 ne a kan ƙafa 120, ba kamar 50 a kan 100 da aka saba a gida ba, watau faɗinsa wajen mita 18. Kuskuren mita biyar ke nan ya cinye fiye da rubu'in faɗin fili. Don haka wanda ya zo da waya a hannu yana karanto lambobi ya ce awo ya ke yi, to, a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

Safiyo na gaskiya da na'ura biyu ya kan zo. Ɗaya a girke ta a kan mazauni mai ƙafa uku, ba ta motsi sai an tashi aiki. Ɗayar kuwa tana bisa sanda mai tsawon mita biyu, da ita ake bin kusurwoyin fili. Ta zaune ta san ainihin inda ta ke, saboda haka tana iya gane yawan kuskuren da ke cikin saƙon taurari a kowane sakan, sai ta aika wa ta yawo da gyara ta hanyar rediyo. Da wannan dabara, da kuma ƙirga igiyar saƙon kanta wadda tsawonta santimita 19 ne, watau kamar taƙi guda, ake rage kuskure ya dawo santimita ɗaya ko biyu. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, ta yawo ba ta da wani sani na kanta. Duk abin da ta zaune ta faɗa mata shi za ta bi, in gaskiya gaskiya, in ƙarya ƙarya.

KUNNEN NA'URA

Eriya ita ce kunnen na'urar, kuma wurin da ake aunawa shi ne daidai tsakiyar eriyar. A sababbin na'urori eriya da na'ura da batir duk suna cikin ƙoƙo ɗaya mai kama da faifan tuwo da aka kife. A wasu kuma eriyar daban ta ke, ana jona ta da waya, na'urar na cikin jaka ko akwati. Wannan ita ake kira eriyar waje.

Saƙon da ya taso daga nisan kilomita dubu ashirin ya kan iso ne a galabaice ƙwarai, ba ya ratsa rufi, ganyen itace ma ya kan raunana shi. To, kurmi kuwa ƙasar itatuwa ce. Fulotin da ke cikin tsohuwar gonar koko, ko ƙarƙashin kwakwar manja da goro, ya kan ba safiyo wahalar da ɗan'uwansa mai awo a filin Katsina ko Gumel bai santa ba. Yawanci ana saita na'ura ta yi watsi da duk tauraron da ke ƙasa-ƙasa kusa da doron ƙasa, wanda bai ɗaga da daraja 10 zuwa 15 ba, don saƙonsa ya fi gurɓata. In itatuwa da gidajen bene suka tare ragowar sararin, sai a rasa taurarin da za a yi aiki da su. A irin wannan wuri safiyon kirki ya kan kafa maki biyu a fili inda sama ke buɗe, sa'an nan ya ɗauko madubin hange ya ƙarasa zuwa kusurwar da ke cikin duhuwa. Wanda ya ke sauri kuwa sai ya tsaya gindin mangwaro ya danna, ya karɓi duk lambar da ta fito.

Abin da ya fi itace haɗari shi ne amsa-kuwwa. Kamar yadda murya ke bugun dutse ta dawo, haka saƙon tauraro ke bugun rufin kwano, ko jikin kwantena, ko tirelar da aka faka, ko katangar gilashi, ko ruwan da ya kwanta bayan an yi sama, ya lanƙwaso ya shiga eriya a makare. Na'urar sai ta ɗauka tauraron ya fi nisa, ta ba da lambar da ba daidai ba, ba tare da ta yi wata ƙara ko ta nuna jan fitila ba. Nan ne eriyar waje ta ke da ranarta. Mai kyau tana da faffaɗan faranti a ƙarƙashi wanda ke tare saƙon da ya buga ƙasa ya taso. Akwai kuma wadda ta fi, mai zobba na ƙarfe a jere wani cikin wani kamar an jera kwanoni babba da ƙarami, wadda masana na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka suka ƙirƙiro a shekarun 1980. Tana da nauyi da tsada, ba a yawo da ita a kan sanda, sai a tashoshin dindindin. Amma ko wace iri ce, ba ta gyara mugun wuri. Safiyon da ya ɗora na'urar zaune a kan rufin motarsa, ko ya girke ta jikin shagon kwano don yaronsa ya sami inuwar gadi, ya riga ya zubar da rabin aikin tun kafin a fara.

Wayar eriya ita ma abin dubawa ce, ko da ya ke mutane su kan raina ta. A cikin eriyar akwai ɗan ƙarfen ƙara ƙarfin saƙo, wanda ke samun 'yar wutarsa, yawanci bolt uku zuwa biyar, ta cikin wayar nan da saƙon ke bi ya sauko. Siririyar waya ta kan zubar da rabin ƙarfin saƙo cikin mita huɗu ko biyar kacal, mai kauri kuwa sai ta yi wajen mita 18 kafin ta yi wannan hasara. Ba kuma irin ta dish ɗin talabijin ba ce, ko da sun yi kama a ido. In ta karye aka ɗaure da salataf, ko raɓa da iskar gishiri ta bakin teku suka sa bakin ta yi tsatsa, sai na'ura ta riƙa ganin taurari suna ɓacewa suna dawowa.

Sai kuma tsayuwar sanda. A jikinta akwai ɗan idon ruwa mai kumfa irin na magina. In sanda mai mita biyu ta karkata da daraja ɗaya tak, eriya ta kauce daga kan turke da santimita uku da rabi. Wasu sababbin na'urori suna gyara karkatar da kansu, amma ba kowa ke da su ba. Yaron da ya gaji da rana ya jingina da sandar kamar mai kiwo, shi kaɗai ya isa ya matsar da kusurwa da taƙi guda. Tsayin eriyar zaune daga turke shi ma dole a auna da tef a rubuta, da safe da kuma lokacin tashi.

Kada a rikita eriyar taurari da ta rediyo, don su biyu ne. Ta rediyon siririya ce kamar bulala, ita ke kai gyara daga ta zaune zuwa ta yawo. Rediyon da ke cikin na'ura ƙarfinsa bai wuce wat ɗaya ko biyu ba, a cikin kurmi bai kan yi nisa ba. In aikin mai faɗi ne sai a jona rediyon waje, wanda ya kan kai wat 35, a ɗaga eriyarsa bisa doguwar sanda. Ɗaga ta sama ya fi ƙara mata wuta amfani. Wannan rediyo kuwa shi ne ke kai magana ga batir.

WUTA

Na'urar kanta ba ta da ci, wat uku zuwa biyar sun ishe ta, bai kai na ƙwan fitilar ɗaki ba. Ɗan batirin cikinta in sabo ne ya kan yi awa biyar zuwa takwas, wasu fiye. Da ya shekara biyu ko uku yana shan zafin rana da cajin janareta mai wuta tana hawa tana sauka, sai ya koma ba ya kai azahar. Saboda haka ake jona ta zaune da batirin waje mai bolt 12. Lissafin mai sauƙi ne. Batirin mota mai amfiya 60 yana ɗauke da abin da zai riƙe na'ura mai cin wat huɗu har awa 180 a takarda, in kuma aka tsaya a rabi, kamar yadda ya kamata, awa 90. Amma da an jona babban rediyo labari ya sake, don shi kaɗai yana cin ninkin-ba-ninkin abin da na'ura ke ci, batirin da zai yi kwana uku sai ya ƙare cikin yini.

Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin 'yan sakanni ya tada inji, ba don a tsotse shi a hankali har ƙasa ba. In ana yi masa haka kullum, bai kan daɗe ba. Wanda ya dace shi ne irin na inbata da sola, ko kuwa na litiyom da ya shigo daga baya, mai sauƙin ɗauka, wanda ke jure caji sau dubbai, sai dai tsada. Na gubar in ya cika ya huta awo ya kan nuna bolt 12.6, in ya sauko wajen 12.2 to rabi ya tafi. Ɗan ma'aunin wuta na masu gyaran rediyo ya isa ya nuna wannan tun a gida. Wasu ƙananan na'urori na yanzu ma suna karɓar wuta daga irin batirin da ake cajin waya da shi. Masu kwana a daji kuwa su kan ƙara da faifan sola, ko da ya ke hadarin damina a kurmi da ƙurar hunturu su kan rage masa ƙarfi.

Akwai kurakurai biyu da gaggawa ke jawowa. Na farko juya baki, a sa ja a wurin baƙi, wanda in babu fiyus a wayar zai iya ƙona na'urar miliyoyin naira nan take. Na biyu a jona na'ura da batirin da ke jikin mota, sa'an nan direba ya zo ya tada inji don ya gusa. A daidai lokacin tayarwa wuta ta kan faɗi ƙasa warwas, na'urar zaune ta mutu ta sake tashi ba wanda ya lura.

To, me ya shafi mai fuloti da mutuwar batirin wani? A nan ne gizo ke saƙar. An ce ta zaune ta san ainihin inda ta ke. Ta hanya biyu ta ke sani. Ko dai an girke ta a kan turken gwamnati wanda aka riga aka san lambarsa, aka rubuta mata lambar da hannu, ko kuwa an girke ta a inda aka ga dama aka ce ta cinta da kanta. In ta cinta da kanta, lambar na iya kaucewa da mita ɗaya, ko biyu, ko uku. Muddin ba ta mutu ba, duk kusurwoyin za su kauce tare wuri guda, siffar fili da girmansa su fito daidai, ko da ya ke a taswirar jiha ya ɗan gusa daga mazauninsa. Amma a ce an auna kusurwa biyu da hantsi, batir ya mutu da azahar, aka canza aka kunna, aka sake cewa ta cinta. Sabuwar lambar ba za ta zama ta safe ba. Kusurwa biyun da suka rage sai su tafi wani gefe da mita biyu, na'ura kuma tana ta nuna cewa kome lafiya lau. Filin da ke murabba'i a ƙasa ya fito a karkace a takarda, ko ya hau kan na maƙwabci, ko ya shiga hanya. Ba za a gane ba sai ranar da maƙwabcin ya kawo nasa safiyo, lokacin kuwa an riga an zuba harsashi, watakila ma an kai linta. Baƙo kuwa ya san matsayinsa in rigimar ƙasa ta haɗa shi da ɗan gari. Jihar Ikko ta yi doka a 2016 don maganin 'yan ƙwacen filaye da ake kira omo onile, amma dokar ba za ta daidaita takardar da aka rubuta a karkace ba.

Maganin wannan ba shi da tsada. A jona batirin waje alhali na ciki yana cike, don in ɗaya ya kasa ɗayan ya riƙe. In za a canza, a canza ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kashe ba. In kuma ta mutu, a mayar mata da lambar safe, kada a taɓa mazaunin.

Akwai masu aiki da na'ura ɗaya tak, ba don ha'inci ba. Su suna karɓar gyara ne ta layin waya daga tashoshin dindindin, irin waɗanda ofishin Safiyo Janar na Tarayya ya fara kafawa a 2008 da sunan NIGNET, da na wasu jihohi da kamfanoni. A can ma maganar ɗaya ce, eriya a bisa ginshiƙi, da batura da sola don kada ɗaukewar wuta ta tsayar da tashar. In layin waya ya yanke a tsakiyar daji, gyara ya yanke.

Wani abu kuma da ya shafi ƙasar nan musamman shi ne awon dare. Nijeriya na ƙarƙashin wani yanki inda iskar can sama ta kan hargitse bayan faɗuwar rana, ta riƙa wasa da saƙon taurari, musamman wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, kuma abin ya fi tsanani a shekarun da rana ke tsananta aman wuta kamar 2024. Awon da aka ja har bayan magariba don an ɓata yini ana neman batir a kasuwa, ba abin amincewa ba ne.

ABIN DA MAI FILI ZAI TAMBAYA

Tun kafin a je fili a tabbata safiyon yana da rajista da majalisar masu wannan aiki, watau SURCON, wadda aka kafa da Doka ta 44 ta 1989, don hatiminsa ne ke sa takarda ta zama abin karɓa. A tambaye shi, cikin ladabi, da wane turken gwamnati ya ɗaure awon, kuma a wane ma'auni ya rubuta lambobin. Tsofaffin takardun ƙasar nan a kan ma'aunin Minna su ke, wanda tushensa ke kusa da garin Minna, taurari kuwa da ma'aunin duniya su ke magana, tsakaninsu akwai gomman mitoci in ba a juya ba. Safiyon da ya san aikinsa ba ya jin haushin irin wannan tambaya.

A ranar awo kuwa mai fili ya bar inuwa ya taka ya ga inda aka girke ta zaune, ko sama a buɗe ta ke, ko akwai kwano ko mota kusa, ko an jona mata batirin waje. In zai yiwu ya bar ɗansa ko ƙanensa a wurin, don ko akuya ta isa ta ture ƙafa ɗaya. Ya kira maƙwabta su tsaya a ga inda ake kafa kowane turke. Sa'an nan in an gama kusurwa ta huɗu, kafin a naɗe kaya, ya roƙi a koma kan turken farko a sake ɗora sanda. Minti biyu ne aikin. In lambar yamma ta yi daidai da ta safe, bambancin bai wuce santimita biyu ko uku ba, to a biya ragowar kuɗi. In kuwa ta fita da taƙi ko kamu, sai a sake awon tun daga farko kafin rana ta faɗi, ko a dawo gobe da cikakken batir.